Layi Shida da Na Goge a Kalgo

Har yau idan na ji wani ya buɗe baki ya ce kwamfuta ba ta mantuwa, sai in kau da kaina. Ni ma na taɓa faɗin haka, kuma ba ga kowa na faɗa ba sai ga kawuna, yayan mahaifiyata, muna tsaye a bakin gonarsa a fadamar Dangoma, ina ta ɗaga kafaɗa da biro a aljihu.

Ni mutumin Gwandu ne. Can aka haife ni, can na yi makaranta, daga baya na je Sakkwato na koyi buga tafireta. Ba a daɗe da ba Kalgo ƙaramar hukumarta ba, wani aminin mahaifina ya samo mini aiki a ofishin wani shirin noman rani da aka buɗe a garin, kuma shi ne shugaban ofishin. A wurin aiki Yallaɓai nake ce masa, idan mun koma Gwandu kuwa Baba, kuma ko a ina ne ba na haɗa ido da shi. Ya san ni tun ina zanen goyo, bai kuma taɓa barin in manta da hakan ba.

Aikin shirin ba shi da wuyar fahimta. Za a haƙa wa manoma ƙananan rijiyoyi a fadama, a ba su injin ban ruwa. Amma kafin a haƙa sai an rubuta wane ne ke noma wace gona, daga ina ta tashi, a ina ta tsaya. Gonakin fadama ba su da takarda, gado ne da shaidar baki. Saboda haka duk wanda sunansa ya shiga rajistarmu, gonar ta zama tasa a idon hukuma, wanda bai shiga ba kuwa sai dai ya yi ta rantsuwa.

Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, an ware mata ɗakinta, ana lulluɓe ta da zane idan an tashi aiki. Ba irin ta yanzu ba ce. Baƙin allo ne da koren rubutu, babu hoto, babu abin nunawa da hannu, abin da ka buga mata shi kaɗai ta sani. Wani injiniya ya zo daga Kaduna ya yi mako biyu yana koya mini, mutum mai ƙarancin magana da yawan shan shayi. A rana ta uku ya nuna mini umarnin kwafa. Haruffa biyu ne kawai, cp, sai ka miƙa masa sunaye biyu a jere: na farko fayil ɗin da za a kwafo, na biyu inda za a zuba shi. Sai ya sa na buɗe sabon fayil na buga sunana da na mahaifina da na unguwarmu a Gwandu, sannan ya ce in kwafo wani fayil daban in zuba a kan wannan. Na yi. Kwamfutar ba ta ce uffan ba. Da na buɗe, babu sunana, babu na mahaifina, babu unguwa. Ya ce in kalla da kyau, cp ba ya tambaya. Idan ya tarar da wani abu a wurin da aka tura shi, ba ya ƙara masa, ba ya haɗa su, danne shi yake yi ya zauna a gurbinsa, kuma wanda aka danne ya tafi ke nan.

Saboda wannan ne muka zauna ni da shi muka rubuta wani ɗan jerin umarni, muka sa masa suna aje, wato ajiye. Maimakon in riƙa kiran cp kai tsaye, sai in kira aje in miƙa masa sunayen biyu. A cikinsa suna na farko yana zama $1, na biyu $2, kuma kafin ya taɓa komai sai ya yi bincike uku. Yana ƙirga sunayen, idan ba biyu ba ne ya ƙi aiki. Yana duba ko fayil na farko yana nan da gaske, da wata 'yar alama -f, idan babu ya faɗa. Na uku shi ne babba: yana leƙa wurin da za a zuba, idan ya ga akwai wani fayil a can sai ya nuna girman kowanne daga cikin biyun, ya tsaya ya jira amsa. Binciken duka layi shida ne. Injiniyan ya bar ni na rubuta saƙonnin da Hausa, na kuma ji daɗin hakan fiye da kima. Wanda na fi alfahari da shi shi ne: "Akwai wani fayil da wannan suna. Ka tabbata a danne shi?"

Rani guda cur muka yi muna auna gonakin Dangoma. An haɗa ni da masu awo saboda dangin uwata 'yan can ne, mutane za su fi sakin jiki. Mun sha rana, mun sha gardama a kan iyaka, wani lokaci sai an ɗauko tsoho a kan jaki ya zo ya nuna inda kakan wane ya dasa kara. Gonar kawuna tana bakin ruwa, ta yi iyaka da wata tsohuwar kanya. Ba ta da girma amma ƙasarta baƙa ce, shinkafa da damina, albasa da rani, kuma kowace shekara sai ya aiko wa mahaifiyata buhun albasa har Gwandu. Maƙwabcinsa a fadamar wani mai hali ne da ake jin maganarsa a garin, kowa ya san ya daɗe yana zuba wa gonar ido. Ranar da muka auna ta, kawu bai bar igiyar awo ta kauce ko taki ɗaya ba. Da muka gama ya riƙe hannun rigata.

"To ɗana, ka rubuta ni?"

Na ce na rubuta shi, kuma ba a takarda kaɗai zai tsaya ba, cikin kwamfuta zai shiga, ita kuwa ba ta mantuwa.

"Awo, haka ne?" in ji shi. "To ta hi mutane ke nan."

Na koma Kalgo na yi makonni ina buga sunaye da iyakoki, gona bayan gona, a fayil ɗaya mai suna dangoma. Da na gama, Yallaɓai ya ce takardun awon sun cika masa ofis, yanzu zamani ya zo, komai yana cikin inji. Masinja ya kwashe su a buhu ya rarraba wa masu ƙosai da masu tsire a tasha. Na taɓa sayen ƙosai aka naɗe mini a fom ɗin wani manomi, ga rubutun hannuna mai ya jiƙa shi. Dariya na yi a lokacin, har na nuna wa direbanmu. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kowace Jumma'a, kafin in tafi gida, ina kwafe fayil ɗin a faifai da aje in kulle faifan a aljihun tebur. Kwafi biyu ke nan, ina ganin ko me ya faru ɗaya zai tsira.

Sai ranar da baƙi suka zo daga Birnin Kebbi. Yallaɓai ya so ya nuna musu cewa shi ma ya iya, ya ce in tashi, ya zauna a kujerata ya gyara babbar riga. Da yatsu biyu ya buga aje da suna ɗaya, kwamfutar ta ce sunaye biyu take so. Ya sake, ya yi kuskure a harafi, ta ce babu wannan fayil. A karo na uku ya buga daidai, sai ga tambayata a allo da koren rubutu, ana tambayarsa ko ya tabbata. A cikin baƙin akwai wani taubashinsa, shi kuwa ya samu abin da yake so, ya ce ashe har inji ya gano cewa Yallaɓai sai an tambaye shi sau biyu. Aka kwashe da dariya. Yallaɓai ma ya yi, amma ta fatar baki.

Motarsu ba ta gama fita daga harabar ba ya aika a kira ni. Na same shi ya sha kunu, na durƙusa a gefen tebur kamar yadda nake yi a zaurensa na Gwandu.

"Wa yak koya ma abin ga rashin kunya?"

Na ce ni ne, ranka shi daɗe, amma don tsaro ne, don kada a danne wani abu bisa kuskure.

"A gidanku, in ubanka yac ce a yi abu, kana ce mai ya tabbata?"

Na ce a'a.

"To tahi ka cire."

Na san amsar da ta kamata in ba shi, tana bakina. Na haɗiye ta. A yadda aka rene mu, yaro ba ya mayar wa babba tambaya, kuma ni a idonsa yaro ne ko da na yi furfura. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne akwai hanya mai sauƙi: in yi masa nasa aje mara tambaya, in ɓoye nawa mai tambaya da wani suna. Bai iya duba ciki ba, ba zai taɓa sani ba. Wannan dabarar ba ta zo mini ba sai bayan shekaru, ina zaune ina cin tuwo. A ranar dai na koma ɗakin kwamfuta na goge layi shidan nan ɗaya bayan ɗaya, har da na ƙirga sunaye, don kada wani ya sake ba shi kunya. Abin da ya rage layi ɗaya ne, cp $1 $2, wato aje ya koma cp sak, suna kawai ya bambanta.

Bayan wata biyu aka naɗa Yallaɓai wata sarauta a garin kakanninsa. Muka je muka sha biki. Da ya dawo ya sa na buga masa sabon kan takarda, layi uku: sunan ofis, sunansa da sarautarsa, da wurin rubuta batu. Na adana shi a fayil mai suna sabonkai. A makon ne aka tura ni Maruda in fara awon can, kuma ranar Litinin mai zuwa za a kai rajistar Dangoma Birnin Kebbi. Yallaɓai ya so rajistar ta tafi da sarautarsa a samanta. Shi tsohon ma'aikaci ne, shekara da shekaru abin da ya sani shi ne a ɗauko takarda a ɗora a kan fayil a soke da igiya, na ƙasa yana nan, na sama ya hau. Haka ya ɗauka aje yake yi. Ranar Alhamis ya buɗe ɗakin da mabuɗinsa, ya yaye zanen, ya buga aje sabonkai dangoma. Kwamfutar ba ta ce komai ba. Masinja ya gaya mini daga baya cewa ya fito yana murmushi yana cewa yanzu kam ta koyi ladabi.

Maruda kusa da gida take. Da na yi kasala ranar Jumma'a na zarce Gwandu, da faifan da ke aljihun tebur ya tsira da rajistar a cikinsa cif. Amma ni ma'aikacin kirki ne, ba na tsallake kwafin Jumma'a. Na yi sammako na shiga mota har Kalgo, na tayar da janareta, na saka faifai, na kira aje ya kwafe dangoma a kan kwafin makon jiya. Kullum idan ana wannan kwafin faifan yakan ɗauki lokaci yana gurnani. Ranar fitilarsa sau ɗaya ta ƙifta, shi ke nan. Na lura. Wallahi na lura, har na ce a raina yau inji ya tashi da ƙarfi. Da layi shidan nan suna nan, da ya nuna mini girman fayil biyun gefe da gefe, ɗaya aikin rani guda, ɗaya layi uku, da ko makaho ya tsaya. Na zare faifan na kulle, na yi sauri don in samu sallar Jumma'a a Gwandu.

Ranar Litinin da safe na tura rajistar ga na'urar bugawa, na jera takardu da yawa don na san aikin zai ɗauki lokaci. Ta buga layi uku ta tsaya. Na sake turawa, ta sake buga sunan Yallaɓai da sarautarsa ta tsaya. Na buɗe fayil ɗin a allo. Yana nan da sunansa, dangoma, amma babu manomi ko ɗaya a ciki. Ban firgita sosai ba tukuna, na ɗauko faifai na saka. Da na ga layi ukun nan a faifan ma, sai na zauna a ƙasa a kan siminti. Na tafi Birnin Kebbi na samu waya na kira injiniyan. Ya saurare ni har na gama, tambaya ɗaya ya yi, ina binciken da muka saka. Na gaya masa. Sai ya ce babu abin da za a iya, in yi haƙuri. Daga can na wuce tasha wurin masu ƙosai, na bi su ɗaya ɗaya kamar mahaukaci. Fom huɗu na samu, babu na kawu.

Da na yi wa Yallaɓai bayanin abin da ya faru, a hankali, ina zaɓar kalmomi don kada ya ji kamar ina nuna shi da yatsa, sai ya jingina da kujera ya dube ni.

"To mi yah hana ta gaya min? Ai kamata yay yi ta tambaye ni."

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Na so in ɗaga kwamfutar in rotsa a tsakar ofis. Abin da ya fito daga bakina shi ne, kuskurena ne, ranka shi daɗe. Ya karɓa kuwa. Ya ce ya yafe mini saboda mahaifina, zai rufa mini asiri a Birnin Kebbi. Ƙarshen mako ya je ya gaya wa mahaifina irin rufin asirin da ya yi mini, mahaifina ya tasa ni gaba har zaurensa na durƙusa na yi godiya. Na yi godiya, da bakin nan nawa.

Babu lokacin sake awo, wani ranin ya matso, masu haƙa rijiya suna jira. Sai aka kira manya biyar daga Dangoma zuwa ofis, aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin kwamfuta, aka kawo lemo da goro. Abin da muka yi rani guda muna aunawa, suka zayyano shi da ka tsakanin azahar da la'asar, ni kuma ina bugawa. Maƙwabcin kawu yana cikinsu, shi ne ma ya fi kowa tuna iyakoki. Da aka zo kan gonar bakin ruwa mai iyaka da kanya, ya faɗi sunan babban ɗansa ko tari bai yi ba. Sauran huɗun kowa ya sami abin kallo a tabarma. Na ɗauke hannuna daga madannai na ce wannan ta kawuna ce, ni na auna ta. Yallaɓai ya ce shi ya sa ma bai kamata in sa baki ba, ni ɗan uwa ne, kuma wanda ya ɓatar da rajista guda ba shi ne zai gyara wa dattawa zance ba.

"Buga," in ji shi.

Na buga.

Kawu bai san komai ba sai ranar da masu haƙa suka kafa ƙarfensu a tsakiyar gonarsa, aka nuna masa takarda mai hatimi. Ya je wurin manyan gari, aka ce hukuma ta rubuta. Ya hau kekensa ya zo Kalgo da rana tsaka, ƙafar wandonsa ɗaure da igiya don kada sarƙa ta kama. Bai taɓa shiga ofishin ba, ya cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin kwamfuta. Ya ce in nuna masa inda yake a ciki. Bai iya boko ba, amma ya tsaya a bayana yana kallon koren rubutun yana hawa, yana jiran in ce ga shi. Na kai har ƙarshe.

"Kai kac ce min ba ta mantuwa."

Na ce ba mantawa ta yi ba, Kawu, danne sunan aka yi aka zuba wani a kai.

"Wa yad danne?"

Ƙofar Yallaɓai tana buɗe, ina jin motsin jaridarsa. Na duba hannuwana. Sau biyu suka yi aikin, ranar Jumma'a da kuma ranar manyan nan biyar. Na ce ni ne.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sa takalminsa, ya ce in gaida uwata, ya tura kekensa har bakin titi kafin ya hau.

A yammacin nan na mayar da layi shidan, na buga su da ka, ban manta ko ɗigo ba. Babu wanda ya lura, don Yallaɓai bai ƙara taɓa kwamfutar ba. Na ƙara shekara uku a ofishin, kowace Jumma'a tana tambayata ko na tabbata, ni kaɗai a ɗaki. An yi ƙara, an yi zaman sulhu, takarda mai hatimi ta rinjayi bakin tsofaffi. Mahaifiyata ba ta taɓa yi mini maganar ba ko sau ɗaya, sai dai ta daina aike na Dangoma.

Da rani ya zagayo na zo gida wata Jumma'a na tarar da ita a tsakar gida, da wani ɗan ƙullin albasa a gabanta wanda bai cika kwano biyu ba. Manya ne, jajaye, na gane ƙasar da ta fitar da su. Ta ce kawu ne ya aiko, ya ce a yi masa haƙuri bana babu buhu. Ƙwadago ya yi wa ɗan maƙwabcinsa na kwana uku a gonar bakin kanya, wannan aka ba shi. Ta turo mini ƙullin da ƙafa ta ce in kai madafa, da shi za a yi mini miyar rana.